Idan kwamfuta ta kasa karanta faifai yayin kwafar manyan fayiloli: Dalilai da hanyoyin ceto bayanai

A garin Zuru da ke kudancin Jihar Kebbi, kwafar bayanai daga wannan faifai zuwa wancan ta zama aikin yau da kullum. Masu ɗaukar bidiyon bukukuwan aure da na bikin Uhola suna tara aikinsu a faifan waje da ake jonawa da kwamfuta. Masu shagunan tura fina-finai suna wuni suna juye fina-finan Kannywood da fassarar Indiya a filash da katin memori. Ma'aikatan ƙananan hukumomi huɗu na masarautar, wato Zuru da Danko-Wasagu da Fakai da Sakaba, suna adana takardun ofis a faifai, haka ma malamai da ɗaliban Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke garin.

Matsala ɗaya ce ta fi addabar waɗannan mutane. Ana cikin kwafar babban fayil, aiki ya yi nisa, sai ya tsaya cak, kwamfuta ta fito da saƙon cewa ta kasa karanta faifan. Fim ɗin da aka sauke daga intanet ana iya sake samo shi. Bidiyon ɗaurin aure kuwa ba a sake ɗaukarsa, kuma lissafin shago na shekara biyar ba ya dawowa daga ƙwaƙwalwar mai shi.

Wannan saƙo gargaɗi ne, kuma sau da yawa akwai sauran dama a lokacin da ya fara fitowa. Abin da ke raba wanda ya tsira da bayanansa da wanda ya yi asara shi ne tsarin matakan da ya bi: a fara gano inda matsalar take, a ceto bayanan, sannan a waiwayi gyara.

Yadda faifai ke ajiye bayani

Faifan ajiya mai juyawa, wanda aka fi sani da had-dis, kamfanin IBM ne ya fara fito da shi a Amurka a 1956, kuma na farkon bai wuce ɗaukar kimanin megabait 5 ba. Har yau tsarin aikinsa bai sauya ba. A ciki akwai faranti mai maganaɗisu da ke juyawa sau 5,400 ko 7,200 a minti ɗaya, da wata allura da ke shawagi a kansa ba tare da ta taɓa shi ba, tana rubutawa tana karantawa. Tazarar da ke tsakanin allurar da farantin ta fi silin gashi siranta sau dubbai.

An yanka fuskar farantin zuwa ƙananan gurabe. A tsofaffin faifai kowane gurbi yana ɗaukar bait 512, a mafi yawan na zamani kuwa bait 4,096. Tare da bayanin da ke kowane gurbi, faifan yana rubuta wasu ƙarin lambobi na tantancewa. Idan ya zo karatu sai ya sake lissafi ya gwada da waɗannan lambobi. In kuskuren kaɗan ne, da kansa yake gyarawa ba tare da mai kwamfuta ya sani ba. In ya yi yawa sai ya sake gwadawa sau da dama, wanda shi ne dalilin da gudun kwafi ke faɗuwa zuwa sifili kafin saƙo ya fito. Idan duk ya faskara, sai ya shaida wa kwamfuta cewa gurbin ba ya karantuwa.

Filash da katin memori da faifan SSD ba su da abin da ke juyawa. Suna riƙe bayani ne a matsayin cajin lantarki a cikin ƙananan ƙwayoyi. Ƙwayoyin suna gajiya da yawan rubutu da gogewa, kuma cajin yana iya raguwa idan aka ajiye na'urar tsawon lokaci ba a jona ta ba, musamman a wuri mai zafi. Sakamakon ɗaya ne: wani gurbi ya ƙi karantuwa.

Me ya sa manyan fayiloli suka fi shan wahala?

Wasiƙar ofis ba ta wuce 'yan gurabe kaɗan. Bidiyo mai gigabait 10 kuwa yana shimfiɗe a kan gurabe sama da miliyan 2.4 masu bait 4,096. Gurbi ɗaya tak ya isa ya tsayar da kwafin duka, domin tsarin kwafi na Windows ba ya miƙa fayil da giɓi a cikinsa.

Na biyu, babban fayil yana ɗaukar lokaci. A kafar USB 2.0, wadda a aikace ba ta cika wuce megabait 30 zuwa 35 a daƙiƙa ba, kwafar gigabait 100 tana cin kusan awa guda. A tsawon wannan lokaci faifai yana ɗaukar zafi, kebul yana iya motsawa, wuta tana iya rawa. Raunin da bai bayyana ba a kwafin daƙiƙa biyar, zai bayyana a na awa ɗaya.

Na uku, ko lafiyayyen faifai ba a ce ba ya kuskure. Kamfanonin da ke ƙera faifan amfanin gida sukan rubuta a takardar bayaninsa cewa ana iya samun kuskuren da ba ya gyaruwa har sau ɗaya a cikin kowane bit tiriliyan 100 da aka karanta, wato kimanin terabait 12.5. Wannan iyaka ce ta sama, amma tana nuna cewa mai shagon da ke juye bayanai dare da rana zai haɗu da matsalar wata rana.

Saƙonnin da ma'anarsu

Windows yana fito da saƙonninsa da Turanci, kuma kowanne yana nuni ga wani wuri daban. Yana da kyau a ɗauki hoton saƙon da waya kafin a rufe shi.

Saƙon da ke ɗauke da kalmomin “cyclic redundancy check”, wanda wani lokaci ke zuwa da lamba 0x80070017, yana nufin abin da aka karanto bai dace da lambobin tantancewa ba. Wannan dabarar lissafi W. Wesley Peterson ne ya gabatar da ita a 1961. Galibi saƙon yana nuna lalataccen gurbi a faifan da ake kwafowa daga cikinsa, ko da yake mugun kebul ma yana jawo shi.

Saƙon “I/O device error”, mai lamba 0x8007045D, yana nufin magana ta yanke tsakanin kwamfuta da faifan. A nan akan fara zargin kebul da kafar USB da ƙarancin wuta, kafin a zargi faifan.

Saƙon “The file is too large for the destination file system” ba matsalar karatu ba ce ko kaɗan, kuma faifan lafiyarsa lau. Tsarin jera fayil na FAT32, wanda ya fito a 1996, ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4, komai yawan filin da ya rage. Filash da yawa da katin memori masu gigabait 32 zuwa ƙasa da wannan tsari suke zuwa. Shi ya sa kyamarori ke yayyanka dogon bidiyo gida-gida a irin waɗannan katuna. Maganinsa shi ne a kwashe abin da ke cikin filash ɗin da ake turawa, a yi masa fomat zuwa exFAT, wanda Microsoft ya fitar a 2006, ko NTFS, wanda ke nan tun 1993. Sai dai wasu talabijin da na'urorin kallo na da ba sa gane waɗannan biyun, don haka a gwada kafin a miƙa wa mai kaya.

Idan kuma kwamfuta ta ce sai an yi wa faifan fomat kafin a iya amfani da shi, alhali akwai bayanai a ciki, to taswirar da ke nuna inda kowane fayil yake ce ta samu matsala. A danna soke umarnin. Bayanan galibi suna nan.

Abubuwan da ke jawo matsalar

Wuta ce a kan gaba. Faifan waje ƙarami daga kafar USB yake shan wutarsa. Kafar USB 2.0 tana ba da miliamfiya 500 ne a ƙa'ida, ta USB 3.0 kuma 900. Idan aka jona faifai biyu da filash uku a mahaɗa ɗaya marar wutar kanta, kamar yadda ake gani a shagunan tura fina-finai, wutar ba za ta ishe su ba. Alamar haka ita ce faifai ya riƙa ɓacewa yana dawowa. Ɗaukewar lantarki a tsakiyar rubutu, ko sauyawa daga wutar gari zuwa janareta, tana iya barin gurbi da rabin rubutu, wanda daga baya ba zai karantu ba.

Sai kebul da kafa. Kebul ɗin da aka daɗe ana naɗewa a aljihu yana karyewa daga ciki ba tare da an gani ba. Ƙurar hunturu tana taruwa a cikin kafar USB ta hana haɗuwa mai kyau, tana kuma toshe fankar kwamfutar tafi-da-gidanka.

Sai zafi. Mafi yawan faifai masu juyawa an ƙayyade musu aiki ne a ƙasa da digiri 55 zuwa 60 na ma'aunin Selshiyas. A watannin Maris da Afrilu, a shago mai rufin kwano, faifan da ke cikin kwanson roba yana aikin awa biyu ba hutu zai iya kusantar wannan iyaka.

Sai girgiza. Faifan da ya faɗo daga tebur yana cikin juyawa, allurarsa tana iya gogar faranti ta kankare shi. Wanda aka ɗaure a bayan babur zuwa ƙauye ba tare da abin tare girgiza ba, shi ma yana cikin haɗari, ko da yake haɗarin ya fi yawa idan yana kunne.

Sai jabun kaya. Akwai filash da katin memori da ake sauya wa lissafi su nuna gigabait 128 alhali ainihin cikinsu bai wuce 8 ko 16 ba. Suna karɓar kwafi kamar gaske, amma duk abin da ya haura ainihin girmansu ya salwanta, ko ya hau kan na baya. Mai kaya ba zai sani ba sai ya je gida fim ya ƙi buɗewa. Manhajar H2testw, wadda kyauta ce, tana cika filash da bayanin gwaji ta sake karantawa, ta faɗi girmansa na gaskiya. Ɗan kasuwar da ke saro irin waɗannan kaya da yawa zai amfana da gwada samfuri kafin ya biya.

Daga ƙarshe akwai tsufa. Faifai kayan aiki ne mai ƙarewa, kuma da yawa daga waɗanda ke cikin kwamfutocin gwanjo sun riga sun yi shekaru suna aiki kafin su iso Najeriya.

Yadda ake gano mai laifi

Abu huɗu ne ke cikin kowane kwafi: faifan da ake ɗaukowa, faifan da ake kaiwa, hanyar da ke tsakaninsu, da kwamfutar kanta. Ana sauya abu ɗaya ne a lokaci guda, domin idan aka sauya uku tare ba za a san wanda ya yi magani ba.

Matakin farko shi ne saurare. Idan faifai yana ƙara ƙwas-ƙwas a jere, ko yana gurnani kamar ana niƙa, ko yana tashi yana mutuwa, a cire shi nan take. Wannan alama ce ta lalacewar allura ko injin juyawa, kuma kowane ƙarin minti yana ƙara ɓarna. Babu manhajar da ke gyara wannan.

Idan babu baƙon sauti, a sauya kebul da gajere mai kyau, a jona faifan kai tsaye ba ta mahaɗa ba. A kwamfutar tebur a yi amfani da kafofin baya. A cire duk wata na'urar USB da ba a buƙata, kwamfutar tafi-da-gidanka kuma ta kasance a jone da caja.

Bayan haka a lura da inda kwafin ke tsayawa. Idan a fayil ɗaya kuma a wuri ɗaya yake tsayawa kullum, ko da an sauya inda ake kaiwa, to lalataccen gurbi ne a faifan asali. Idan yau a nan ya tsaya gobe a can, an fi zargin kebul ko wuta ko zafi. Idan fayil ɗin ya kwafu lafiya zuwa wani faifai na uku, laifin na faifan da ake kaiwa ne. Idan kuma faifan ya yi aiki lafiya a wata kwamfuta, sai a binciki ta farkon, har da ƙwaƙwalwarta ta RAM, wadda Windows ke da manhajar gwada ta a cikinsa.

Kowane faifai na zamani yana ajiye rahoton lafiyarsa a wani tsari da ake kira SMART. Manhajar CrystalDiskInfo, ita ma kyauta, tana nuna shi da launi: shuɗi lafiya, rawaya a yi hattara, ja ya lalace. Layuka huɗu ne suka fi muhimmanci. Layi na 5 yana ƙirga gurabe da faifan ya riga ya yi watsi da su ya maye gurbinsu. Na 197 yana ƙirga waɗanda suka ƙi karantuwa suna jiran hukunci. Na 198 yana ƙirga waɗanda ba su gyaru ba. Na 199 kuwa kurakuran da suka faru a kan hanya yake ƙirgawa, don haka idan shi kaɗai ke hawa, kebul ne abin zargi. Wasu manhajoji suna rubuta waɗannan lambobi da 05 da C5 da C6 da C7.

Wani bincike da injiniyoyin Google suka wallafa a 2007, bayan nazarin faifai sama da 100,000, ya gano cewa faifan da ya nuna kuskuren farko a binciken fuskarsa ya fi wanda bai nuna ba yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har sau 39. Binciken ya kuma gano cewa kashi 36 cikin 100 na faifan da suka mutu ba su nuna wata alama a SMART ba. Ma'ana, launin rawaya dalili ne na gaggawa, launin shuɗi kuma ba lamuni ba ne.

Ceto kafin gyara

Da zarar an tabbatar faifan asali ne ke da rauni, a ɗauke shi a matsayin mai ƙarewar kwana. Kada a ƙara rubuta komai a cikinsa. A tanadi wani lafiyayyen faifai, a tabbatar akwai wutar da ba za ta yanke ba, ta inbata ko sola ko UPS, a sa faifan a wuri mai iska.

A fara da abin da ba shi da madadi: takardun ofis, lissafin ciniki, hotunan iyali, bidiyon da aka karɓi kuɗin mutane a kansa. Fina-finai da waƙoƙi su zo a ƙarshe. A riƙa kwafa folda-folda, kuma a bar fayil ɗin da ke kawo tsaiko sai an gama da sauran.

Windows yana da umarnin robocopy, wanda ke tsallake fayil mai matsala ya ci gaba. Sai dai idan ba a gaya masa ba, zai sake gwada fayil ɗin har sau miliyan ɗaya, yana jiran daƙiƙa 30 tsakanin kowane gwaji. Don haka akan rubuta shi kamar haka:

robocopy E:\Biki D:\Ceto /E /R:1 /W:1 /LOG:C:\Ceto.txt

A nan E shi ne faifai mai rauni, D kuma lafiyayyen. Idan fayil ya gagara, umarnin zai jira daƙiƙa ɗaya, ya sake gwadawa sau ɗaya kawai, ya wuce, sannan ya rubuta sunayen fayilolin da suka gagara a rahoto.

Idan fayil ɗin da ya gagara shi ne ake nema, ko kuma lalatattun gurabe sun yi yawa, sai a koma ga GNU ddrescue, manhajar Linux da Antonio Diaz Diaz ya rubuta. Ita tana kwafe faifan gaba ɗaya gurbi-gurbi. Tana fara kwashe wurare masu lafiya da sauri, sannan ta dawo ta lallaɓa masu wuya, tana ajiye taswirar inda ta tsaya, ta yadda ko wuta ta ɗauke za ta ci gaba daga nan. Faifan da za a juye a ciki dole ya kai na asali girma ko ya fi shi. Aikin yana buƙatar wanda ya saba, domin idan aka juya sunayen faifan biyu, wanda babu komai a cikinsa zai hau kan mai bayanan ya shafe su.

Abin da za a samu ya danganta da irin fayil. Bidiyon da ya rasa 'yan gurabe a tsakiya yakan buɗe, sai ɗan tsalle na ƙiftawar ido. Fayil ɗin da aka matse a zip, ko rumbun bayanan albashi, giɓi kaɗan yana iya hana shi buɗewa.

Abubuwan da ke ƙara ɓarna

Mutane da yawa suna fara wa da umarnin chkdsk. Yana da amfani, amma aikinsa daidaita taswirar faifai ne, ba ceto fayil ba. Idan aka haɗa shi da /r yana bin kowane gurbi, aikin da ke ɗaukar awanni yana wahalar da faifai mai rauni, kuma yana iya yanke fayilolin da ya ga sun rikice. Wurinsa bayan an gama ceto ne. Wanda ya fara da shi yana iya zama garin neman gira ya rasa ido.

Haka nan kada a yi fomat, kada a sauke manhajar ceto a kan faifan da ake son cetowa, kada a mayar da abin da aka ceto cikinsa. A guji amfani da yanke-da-liƙa wajen kwashe manyan fayiloli. A kwafa, a tabbatar, sannan a goge. Sanya faifai a firiji ko bubbuga shi ba magani ba ne, raɓa da girgiza suna ƙarasa shi. Buɗe murfinsa a shago kuwa yana ba ƙura damar sauka a kan faranti. Masu wannan aiki na ƙwararru a ɗaki na musamman marar ƙura suke yin sa, kuma da tsada, don haka sai a auna darajar bayanan da kuɗin aikin.

Ma'aikacin gwamnati yana da ƙarin nauyi. Faifan da ke ɗauke da bayanan ma'aikata ko na marasa lafiya amana ne, kuma Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa masu riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Kafin a kai irin wannan faifai wurin mai gyara a kasuwa, a sanar da shugaban sashe a samu izini.

Tabbatarwa da rigakafi

Kammala kwafi ba ya nufin kwafin ya yi daidai. Ana tabbatarwa da umarnin certutil -hashfile, a sa sunan fayil, a ƙara SHA256 a ƙarshe. Zai fito da dogon jerin lambobi da haruffa. Idan na asali da na kwafi suka zo iri ɗaya, fayilolin ɗaya ne. Manhajar TeraCopy tana iya yin irin wannan tantancewa da kanta bayan kowane kwafi. Mai ɗaukar bidiyo kada ya goge katin kyamara sai ya ga wannan tabbaci.

Faifan da ya fara tara lalatattun gurabe a daina ba shi amanar abu mai muhimmanci, ko da ya koma aiki kamar da. A riƙa cire faifai ta hanyar umarnin cirewa lafiya, kada a motsa shi yana aiki, a riƙa duba rahoton SMART lokaci-lokaci.

Ƙa'idar da masu adana bayanai suka fi yarda da ita ita ce ta 3-2-1, wadda mai ɗaukar hoto Peter Krogh ya yaɗa: kwafi uku na duk abu mai muhimmanci, a kan na'urori iri biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Ga mai shago a kasuwar Zuru, wannan yana nufin kwafi ɗaya a kwamfuta, ɗaya a faifan waje, ɗaya kuma a gida ko a ma'ajiyar intanet irin Google Drive, wadda ke ba da gigabait 15 kyauta. Wannan fili ba zai ɗauki bidiyon biki ba, amma ya ishi takardu da lissafin shekaru. Kuɗin faifai na biyu sananne ne tun kafin a saya, asarar bayanan da babu kwafinsu kuwa sai ta auku ake sanin girmanta.